Sanarwar Rasuwar Yahuza

Taufiq mai gyaran waya ne a Birnin Kudu, ba shi da aibi sai baki. A zauren WhatsApp ɗinsu na masu kallon ƙwallo, idan ƙungiyarsa ta sha kashi sai ya yi tsit kamar an ɗauke wuta. Idan kuwa ta ci, to ranar kowa ya shiga uku. A bana sai ci take ta yi, 'yan zauren suka koma bayansa suna zuga shi, shi kuma kansa ya ƙara kumbura.

Wanda ya fi shan wahalarsa shi ne abokinsa Yahuza, ɗan acaɓa, mutumin Farin Dutse a ƙasar Gwaram. Wata Asabar aka lallasa ƙungiyar Yahuza. Da ya ga zolayar ta ishe shi, sai ya kashe wayarsa ya ci gaba da aikinsa.

Shirun nan ya ɓata wa Taufiq rai. Ya ɗauko hoton Yahuza, ya rubuta sanarwar rasuwa a ƙarƙashinsa, har da lokacin jana'iza. Ko sunan ƙwallo bai ambata ba, wai don abin ya fi armashi. 'Yan zaure suka yi ta dariya suna turawa gaba, babu ko mutum ɗaya da ya ce a bari.

Kafin la'asar hoton ya isa Farin Dutse. Wata maƙwabciya ta shiga da kuka ta nuna wa Inna Azumi, mahaifiyar Yahuza, mai fama da hawan jini. Aka yi ta kiran lambar Yahuza, a kashe. Baiwar Allah ta miƙe za ta ɗauko mayafi, sai ta yanke jiki ta faɗi.

A asibitin Birnin Kudu aka ce ɓarin jikinta ya shanye, bakinta ma ya daina magana. Da labari ya isa ga Yahuza, ya garzaya can. Taufiq ya zo ya same shi, ya tsuguna yana rantsuwa cewa wallahi wasa yake yi.

Yahuza ya dube shi ya ce, “Ni da ka kashe, ga ni a tsaye. Shiga ka gaya mata wasa ne, ka ji ko za ta iya amsa maka.”

Abin takaici, zauren na nan, ana ta musun ƙwallo. Inna Azumi kuwa har yau sai an juya ta.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kada nasarar da wasu suka samu a filin ƙwallo ta sa ka manta darajar mutum. Abin da ka tura ba ya tsayawa wurin waɗanda suka san wasa ne, kuma wanda ya yi dariya ya tura gaba shi ma yana da nasa alhakin.