Jatau da Takardar Fadamar Barau

An samo a cikin littattafan mutanen da cewa, a zamanin Sarki Zailani na Birnin Tsamiya an yi wani matashi mai suna Jatau, wanda mahaifinsa ya rasu ya bar masa raƙuma uku. Bai daɗe da auren Lantana ba, kuma ya yi mata alkawarin gona mai ruwa, don ta taɓa gaya masa tana son ganin ɗanyen ganye da rani.

Aka ce wani attajiri, Maikwano, ya kira shi ya ce, "Ɗana, wani manomi, Barau, ya ci bashina ya jinginar mini da fadamarsa. Ni na tsufa. Ba ni raƙumanka ka karɓi takardar, ka yi ta noman wurin har ranar da ya biya ka."

Lantana ta ce, "Maigida, tafiyar kwana biyu ce. Je ka taka ƙasar, ka tambayi dagaci."

Jatau ya ce, "Ga hatimi, ga sunayen shaidu. Me ya rage?" Ya ba da raƙuman.

Da ya isa ƙauyen, sai ya tarar Barau ya rasu wata huɗu da suka wuce. Fadamar kuma ta gado ce, ba a raba ba, rabon mamacin bai wuce kwata ba. A nan matarsa Kande take shuka albasa tana ciyar da 'ya'ya mata uku. 'Yan'uwan Barau suka tsaya a kan iyaka da fartanyoyi, ba wanda ya amsa sallamarsa.

Jatau ya kai ƙara fada. Maikwano ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, takarda ya saya, takarda na ba shi. Ya tambaye ni ko Barau na da rai?"

Sarki ya dubi fadawa ya ce, "In na ba Jatau ƙasar, marayu sun rasa abinci. In na hana shi, ya rasa gadonsa. Wa zai warware mini?"

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, zan faɗi abin da na gani ina yaro. Wani falke ya sayi irin wannan takarda, ya je da dogarai ya kori masu gonar. Dattijon gidan ya zauna a kan iyaka ya ƙi tashi, har ya mutu a nan. Daga ranar ba wanda ya yarda ya yi wa falken ƙwadago, ba wanda ya sayar masa da iri. Gonar ta koma daji. Falken nan mahaifina ne."

Sai Lantana ta matso ta durƙusa, ta ce, "Allah ya ba Sarki nasara. Mijina bai sayi ƙasa ba, alkawarin mutum ya saya, mutumin kuma ya mutu. Na yi magana da Kande a bakin zaure. A bar ta ta noma, duk cirar albasa ta ba mu buhu ɗaya cikin biyar. Mai rai ne kawai zai iya biyanmu."

Kande ta ce, "Na yarda, ranka ya daɗe, ko da zan mutu ina biya."

Sarki ya hukunta haka. Ya sa Maikwano ya mayar da raƙumi ɗaya saboda ɓoye mutuwar, ya ba Lantana ɗan fili mai rijiya a bayan ganuwa.

Aka ce shekara goma sha ɗaya aka yi kafin bashin ya ƙare. Kande ba ta ga ƙarshensa ba, babbar 'yarta ce ta kawo buhun ƙarshe. Jatau ya yi furfura yana dakon kayan wasu da raƙumi ɗaya. In ya dawo daga tafiya, yakan tarar da Lantana tana ban ruwa, ya karɓi gugan daga hannunta ya ci gaba da jan ruwan.

Masu littafin suka ce: wanda zai sayi jingina, ya fara taka ƙasar, ya san masu ita, ya ga fuskar mai biya, sannan ya dubi takarda. Allah ne mafi sani.