Kafaɗun Kurege

Lantana ƙawata, ajiye tsintsiyar nan ki matso. Ga ta nan, ga ta nanki. Kin ce ta zo ki ji? To, ga ta.

Kurege ne ke satar gyaɗa a rumbun Kura, ta wata 'yar kafa a gindin rumbun. Abin da ke damunsa, kullum ƙwaya biyu yake iya fitarwa. Ya ce wannan ba sana'a ba ce. Sai ya samo gwangwanayen madara, ya cika su da siminti, ya soka musu kara. Safe ya ɗaga, ya sauke. Yamma ya ɗaga, ya sauke. Kafaɗu suka yi kirtsa-kirtsa, har rigarsa ta Sallah ta ƙi shiga.

Ya koma rumbu da buhu. Kai ya shige, kafaɗu suka ce a nan za su tsaya. Gaba ya ƙi, baya ya ƙi.

Sai ga Kura. Ta finciko shi ta wutsiya.

“Sannu da aiki, ɗan'uwa.”

“Yauwa, Yaya. Rumbun nake duba miki.”

“Allah ya saka. Ni ma bari in duba ka.”

Ta gatsa kafaɗar, haƙori ya yi ƙara.

“Wannan nama ne ko tayar mota?”

“Ɗaga nauyi ne, Yaya. Sai na huta zai yi laushi. Kada ki bar ni in ɗauki ko cokali.”

Kura ta jefa shi cikin rumbu ta rufe. Kafar gindi kuwa ba ta toshe ba, tunda ta ga yadda suka ƙare da shi. Ta juya za ta tafi, ta dawo.

“Wai shi ɗaga nauyin nan, mace na yi?”

“Irinki aka yi wa shi, Yaya.”

Daga cikin rumbu yake ba ta darasi, bakinsa cike da gyaɗarta. “Ɗaga gefe! Sauke a hankali! Ƙara siminti!”

“Ƙafafun baya fa?”

“Wa ke kallon baya?”

Kura na kumbura, Kurege na saɓewa. Ranar da ta ɗora tukunya, ta leƙa ta ce, “Ka yi laushi?”

“Tuɓus, Yaya. Shigo ki taɓa.”

Ta cusa kai ta ƙofar rumbu, kafaɗu suka cije. Kurege ya sulale ta kafarsa ta dā, ya zagayo, ya tsaya bayanta.

“Yaya, gaskiya bayan nan naki yana son aiki.”

Har yau ki dubi Kura: gaba kamar ɗan dambe, baya kamar na aro.

Kurunkus! Darasin kuwa, wanda zai yi ƙarfi ya fara auna ƙofar da yake bi ya ci.

Allah ya yafe mini abin da na ƙara. Amma don Allah, Lantana, kada ki gaya wa kowa. Maigidana, Baban su Ummita, ya fara tara gwangwani a bayan ɗaki, kuma kin san ƙofarmu.