Mai Lambu da Tsiron Hamada

Akwai wani mutum mai lambu a bakin rafi. Hannunsa yana da albarka. Alayyafo, latas, tumatir, duk abin da ya shuka, kafin mako biyu ya yi kore shar.

Wata rana wansa, direban babbar mota, ya dawo daga tafiya mai nisa, ya kawo masa wani tsiron hamada a ƙaramin kasko. Kama yake da ƙerana, amma dunƙulalle ne kamar goruba, ba ganye ko ɗaya, sai farar ƙaya kamar furfura.

Wan ya ce, "Irin wannan da wuya a same shi, masu renon furanni ne suka fitar da irinsa. Sai ya shekara uku yake fure. Ka ajiye shi a rana, cikin yashi, kada ka ba shi ruwa sai ƙasar ta bushe ƙayau."

Mai lambun ya yi yadda aka ce. Shekara ta zagayo, wata shekarar ta bi ta. Kowace Asabar yakan auna tsiron da zare, zaren kuwa bai ƙaru da ko faɗin farce ba. Ga shi ya riga ya cika wa maƙwabta baki, kullum suna leƙowa suna tambaya, "Ina furen?"

A shekara ta uku haƙurinsa ya ƙare. Ya tsaya a kan kaskon yana faɗa. "Kai wane irin abu ne? Ba ka girma, ba ka mutuwa! Dutse aka kawo mini?"

Sai ya shiga ba shi ruwa safe da yamma. Ya zuba masa kashin kaji. Ya tone shi har sau biyu don ya ga ko saiwar tana aiki.

Matarsa ta ce, "Baban Rifkatu, ba haka Yaya ya ce ba fa."

Ya ce, "Shekara talatin ina lambu, direba ne zai koya mini ban ruwa?"

Cikin kwana goma tsiron ya kumbura, mutumin ya yi murna, ya kira matarsa ta gani. Bayan kwana uku gindin ya yi baƙi, ya fara wari. Da ya taɓa shi da kara, sai ya lotse kamar ruɓaɓɓiyar kabewa. A can saman, a ɓoye cikin ƙayar, ga 'yan tohon fure guda uku, bakinsu ya soma ja. Mutumin ya zauna a ƙasa.

Ma'anar wannan misali ita ce, tsiron shi ne ran da Allah ya danƙa a hannunka: ɗanka mai shiru, mijinki, ko sabon mai bi da ke zama a bencin baya a majami'a. Mai lambun kuwa mu ne. Mun saba da masu saurin girma, sai mu gaji da wanda ba mu ga canji a jikinsa ba. Mu yi ta masa wa'azi lokacin cin abinci, mu yi ta tona zuciyarsa da tambayoyi, muna gwada shi da 'ya'yan wasu, har ya tsani ƙofar ikilisiya. Muna cewa ƙauna ce, alhali sau da yawa kunyar idon mutane ce ke damunmu.

'Yan'uwa, Ubangiji yana aiki a inda idonku bai kai ba. Ku yi wa wanda Allah ya danƙa muku addu'a, ku ba shi abin da zai iya ɗauka. A wannan mako, in faɗan ya zo bakinka, ka haɗiye shi.