Bututun Gizo

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ƙashi!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

A wani birnin dabbobi an yi wata Kwaɗuwa mai 'ya'ya fal kududdufi. Birnin nan kuwa kowane gida da janaretansa, kowa da motarsa, shara kuma sai ƙonawa. Hayaƙi ya lulluɓe sama kamar bargo, zafi ya rasa hanyar fita, damina ta ƙi zuwa. Kududdufi ya janye, 'ya'yan suna mutsu-mutsu cikin laka.

Kwaɗuwa ta gaji ta kira gayya. Aka kakkafa sola a rufin gidaje, aka dasa itatuwa, aka ce kowa ya kashe janareta, ya ajiye mota a riƙa hawa bas. Gizo ya zo gayya, ya shanye fura ƙwarya guda, ko tsinke bai ɗaga ba.

Washegari sai ga ƙarar janareta tu-tu-tu daga gidansa. Kwaɗuwa ta ruga.

"Haba Gizo! Me muka ce jiya?"

"Inna, kin ga hayaƙi a nan? Bututu na sa, saman gidan Kura yake tafiya."

"Sama tana da katanga ne, ɗan nan?"

Ta nufi gidan Kura. Kai, takaici! Maimakon Kura ta toshe bututun, sai ta yi masa ƙari ta miƙa gidan Akuya. "Ba nawa ba ne, Inna." Ta je wajen Akuya, ita ma ta ƙara ta miƙa gidan Jaki. "Ba nawa ba ne, Inna." Kwaɗuwa kamar ta fashe don haushi.

Jaki kuwa bai san wayo ba. Ya lanƙwasa bututun ya cusa ta tagar da ta fi kusa, ashe ɗakin Gizo ne.

Gizo ya fito baƙi ƙirin yana tari. "Wayyo Inna! Hayaƙin wa ke neman kashe ni?"

"Naka ne. Ya zaga gari ya dawo gida."

Da hannunsa ya kashe janaretan. Amma kafin sama ta washe ruwa ya sauko, Kwaɗuwa ta rasa rabin 'ya'yanta.

To, kun ji. Sama ɗaya ce a kanmu duka. Hayaƙi ba a tura wa maƙwabci, kashe shi ake yi tun daga gida.

Ƙungurus kan kusu. Wa ya bar min gawayi yana ci a banza?