Ƙusar Sama ta Mai Aski

Akwai wani mai aski da ya yi shekara da shekaru yana na ɗaya a ƙungiyar masu wasan ces, darar nan mai sarki da dawaki. A bayan shagonsa ake taruwa da yamma, kan benci biyu da wani teburi mai ɗingishi.

Tsarinsu na tsani ne. An jera ƙusoshi a bango daga sama zuwa ƙasa, kowa da ɗan katakon sunansa a rataye. Ba ka ƙalubalantar kowa sai wanda ke samanka kai tsaye. In ka ci shi, ku yi musayar ƙusa.

Na biyu kuwa Makaniki ne, mijin 'yar Mai Aski. Shi kaɗai ke da damar ƙalubalantar tsohon, kuma kunya ba ta barinsa. In an matsa masa sai ya ce, "Baba ya fi ƙarfina," ya kau da kai.

Na ƙasa duk sun gaji. Wata rana Tela ya ce, "Mu koma tsarin maki mana. Kowa ya buga da kowa. Ka ci gwani makinka ya hau, rago ya ci ka ya zube."

"Maki na 'yan makaranta ne," in ji Mai Aski. "Wanda ya isa ya hau ya same ni."

"Ta ina za mu hau," in ji Direba, "ka sa surukinka gadin ƙofa?"

Aka yi dariya, ban da mutum biyu.

Ana nan aka kira gasa, kowace ƙungiya ta turo gwaninta. Mai Aski ya tafi. Matar da ke karɓar 'yan wasa ta tambaye shi makinsa.

"Ni ne na ɗaya," ya ce.

"A cikin su wa, Baba?"

Ya wuce ya zauna gaban allon wasa. Nan ma bai ji da daɗi ba. Hannun da ya daɗe bai ga tsara ba ya yi tsatsa. Duk wanda ya zauna da shi ya ci shi, har ya daina ɗaga ido. Ya dawo gida yana jan ƙafa, bai taɓa abinci ba.

Washegari da yamma ya jera allo a bayan shago, ya kira Makaniki.

"Zauna."

"Haba Baba, ai..."

"Zauna na ce. In ka bar mini doki da gangan, kada ka ƙara taka gidana."

Makaniki ya buga wasan, kansa a sunkuye. Kafin shayin Direba ya huce, sarkin Mai Aski ya mutu.

"Tun yaushe ka iya wannan?"

"Tun kafin ka ba ni 'yarka, Baba."

 Tsohon ya miƙe da ƙyar, ya ari filayar Makaniki, ya cire ƙusar sama.

"Tela, lissafa makin nan naka. Sa ni inda na dace."

"Zai yi ƙasa fa."

"Ƙasan ma wuri ne. Na gaji da zama a sama ni kaɗai."

Darasi: Matsayi yana faɗa maka wa ka tsere wa, ba ya faɗa maka ƙarfinka. Girman da kunyar mutane ke riƙe maka ba naka ba ne. Bari a gwada ka a gida tun kafin a gwada ka a waje. Ku tura wa duk wanda ya daɗe a sama ba a taɓa shi ba.