Baureren Inna Bushiya

"Ga ta nan, ga ta nanku, masu hana ni hutawa."

"Ta zo mu ji ta, Kaka, mun yi shiru."

Wata tsohuwar Bushiya ce take da shuka a jikin dangarta, ana ce wa shukar baurere. Furenta ja da rawaya kamar harshen wuta, amma tun daga saiwa har ganye dafi ce. Shekara uku Inna Bushiya tana wahala da ita. Ruwan fari na sauka sai ta kwantar da saiwar cikin ƙasa mai yashi, a hankali don kada idon ya karye. Ta kafa mata karan dawa, ganyen ya riƙa lanƙwasa bakinsa yana kamawa yana hawa. In ta taɓa ta sai ta wanke hannu da toka. Kuma ba don ado take yi ba. Da ruwan ganyen take kashe wa 'ya'yan gari ƙwarƙwata, ko goro ba ta karɓa.

Gizo yana leƙe ta ɓular danga, ya ce a ransa ba mai yi wa abin da ba a ci irin wannan hidima.

Ya zo ya yi sallama. "Shannu Inna. A shan mini doyar nan mana."

"Ba doya ba ce, ɗan nan, dafi ce."

Kashegari ya dawo. "Inna, ko ɓawon ne."

"Ɓawon ma dafi ne."

Rana ta uku ya sake dawowa. "Inna, to ko in lasa."

"Gizo, in ka lasa sai an ɗauke ka. Na gaya maka sau uku, ka fita hanyata."

Ya tafi yana cewa rowa ce. Ku ji fa, wai rowa!

Da hantsi Inna ta tafi rafi ɗibar ruwa. Gizo ya haura danga ta cikin furanni, ya haƙe babbar saiwar, ya kai wa matarsa Ƙoƙi ta dafa. Don mugun hali ko lasa bai ba ta ba. Loma ɗaya ya yi, maƙogwaro ya kama wuta, ciki ya murɗa, amai ta sama, zawo ta ƙasa.

Maimakon ya ji kunya, sai ja'irin ya rarrafa dandali yana kururuwa: "Jama'a, Bushiya ta kashe ni! Ita ta kira ni har tsakar gida, ta ba ni da hannunta, ta ce doya ce!"

Ba wanda ya tsaya tambaya. Akuya ta ce dama ba ta yarda da ita ba. Kaza ta ce dama. Tunkiya ma, wadda makon jiya aka wanke wa 'yarta kai, ta ce dama. Suka ɗunguma gidan, suka tumɓuke shukar, suka tattake sauran saiwoyin, suka karya karan.

Inna ta dawo da tulu a ka, ta tarar da wahalar shekara uku a ƙasa. Ranta ya ɓaci har ƙayoyin bayanta suka miƙe. Ta dire tulun, ta nufi wurin Dila, alƙalin gari, jama'a na biye da ita suna cewa a kore ta.

"Malam," in ji ta, "an yanke mini hukunci ina rafi. A tambayi Gizo, ta ina ya shiga gidana?"

"Ta ƙofa," in ji Gizo, yana riƙe da ciki.

"Ta ina?" in ji Dila.

"Ta ƙofa, Allah gafarta Malam."

"Sake faɗa."

"Ta ƙofa, da shallama ma!"

Inna ta ce, "To a juya shi. Furen baurere a saman danga yake, can bayan gida, nesa da ƙofa. Garinsa rawaya ne, in ya taɓa ka sai ya manne. Wanda ya shigo ta ƙofa ba ya samun sa."

Aka juya Gizo. Ga garin fure rawaya a hula, ga shi a gadon baya, ga shi har a gindin wando. Gizo ya kama sililin zarensa ya haye rufin zaure, bai sauko ba har yau.

Dila ya ce Inna ba ta da laifi. To, amma wannan magana ta mayar da saiwa cikin ƙasa? Ba ta mayar ba.

Damina ta yi nisa, ƙwarƙwata ta sauka a gari. Yara suna susa har kai ya yi jini. Akuya ta zo da nata, Kaza ta zo, Tunkiya ta zo tana sunkuyar da kai.

"Inna, a taimaka."

Inna ta dubi yaran, tausayi ya kama ta, don su ba su yi mata komai ba. Ta nuna wa iyayen danga tsirara, ba ganye ko ɗaya.

"Maganin yana nan inda kuka tattake shi," in ji ta. "Ku duƙa ku nema."

To kun ji. In an ce muku abu dafi ne, ku cire hannu, wanda ya gargaɗe ku ba rowa yake yi muku ba. Kuma kada ku rushe wa mutum aikinsa don wani ya fi shi ihu, ku tsaya ku ji ta bakinsa tukuna.

Ƙungurus kan kusu, na sauke ta nan. Kai Ɗanliti, zo in duba kan nan, tun ɗazu nake ganin kana susa.