Yadda Dila Ya Kai 'Ya'yan Ƙaguwa Yaye

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan albarka.

Ta zo mu ji ta, Inna.

A da can, ƙaguwa ba ta cika rafuka kamar yanzu ba. Duk duniya tafki ɗaya gare su. A cikinsa akwai wata uwa mai 'ya'ya rututu, kowanne bai wuce ƙwayar gero ba, tana riƙe da su a ƙarƙashin cikinta, ko kiwo za ta da su take tafiya.

Sai wata shekara rani ya yi tsawo. Tafki ya janye, ya janye, har ya rage taɓo. Ita babba tana iya nutsewa cikin laka ta jira damina, amma yaran ba za su kai ba. Kullum sai ta dube su ta ce Allah Ya kawo mafita.

Ana nan sai ga Dila, yunwa ta koro shi. Ya hango yaran, yawu ya tsinke masa. Ya yi sallama, ya ce ai yaran nan sun isa yaye, kuma ba a yaye ɗa a gaban uwarsa, shi zai kai su gidan kakanni inda ruwa yake. Ƙaguwa ta san babu wasu kakanni, ta kuma san Dila. Amma ta dubi taɓon nan, ta dubi yaran.

Ta ce, "Malam Dila, ka ga yanzu ko loma ɗaya ba su kai ba. Amma in suka sha ruwan damina, kowanne sai ya cika baki. Abin da nake tsoro kawai Kura. In ta same su wuri ɗaya, lashe su za ta yi."

Dila ya ce a ransa, ashe rumbu aka ba ni. Zan ɓoye su wuri-wuri, su yi ƙiba, in bi ina ci ni kaɗai.

Ta zuba su a ƙoƙo da ɗan sauran ruwa, tana shafa kowanne tana sa masa albarka. Da ta zo kan Auta, wadda ta fi kowa ƙanƙanta, sai da ta daɗe kafin ta sake ta.

Dila ya kama hanya. Ya zuba wasu a rafi, ya zuba wasu a fadama. Ya haye dutse ya zuba wasu a ƙorama, ya gangara ya zuba wasu a gulbi. Ko'ina sai ya ce, "Ku ci ku yi ƙiba, Kawu na nan dawowa."

Damina ta sauka, ta wuce. Dila ya wasa haƙora ya nufi rafi. Ya tura hanci cikin rami, sai ji ya yi caraf, an damƙe hancin. Ya ja, an ja. Da ya ga hanci zai tafi, sai ya ce ta cikin hanci, "Haba ɗana, Kawu ne. Innarku ce ta aiko ni in gaishe ku. In ka cire mini hanci, wa zai koma ya ce mata kuna raye?"

Jin sunan Inna, yaro ya saki, har ya ba da saƙon gaisuwa.

Da mai hankali ne da ya haƙura. Amma Dila ya ce wataƙila na fadama sun fi laushi. A fadama aka kama kunne. Ya ce wataƙila na ƙorama. A ƙorama aka kama leɓe. Ko'ina maganar Inna ce ke ƙwatarsa, ko'ina da sabon saƙon gaisuwa.

Ya dawo tafki yana ɗingishi, ya ce wa Ƙaguwa ta ga abin da marasa kunyar 'ya'yanta suka yi masa. Ta ce ya matso ta gani. Ta taɓa hancin ta ce wannan babbansu ne, tun yana ciki haka yake damƙa. Ta taɓa kunnen ta ce wannan bahagon ne, ashe ya yi ƙarfi. Tana bin ciwon ɗaya bayan ɗaya, tana kiran suna, tana cewa alhamdu lillahi, hawaye na zuba.

Sai ta sake dubawa tun daga hanci har ƙafa. Ta ce a hankali, "Malam Dila, ban ga na Auta ba."

Dila ya sunkuyar da kai. Can ya juya mata baya ya ce, "Ga 'yarki nan. Tun daga gulbi nake roƙonta."

Ga Auta maƙale a wutsiya, ta ƙi saki. Ta ce ta ji Kawu zai je wurin Inna, shi ya sa ta biyo shi.

Sauran kuwa suka zauna inda aka zuba su, suka hayayyafa. Shi ya sa duk ruwan da kuka je, in kun ɗaga dutse za ku tarar da su.

Ƙurunƙus kan ɗan ƙaguwa. Wanda zai yi ajiyar abinci, ya fara duba ko abincin yana da hannu.